Ranar da Na Je Neman Muhammadu a Argungu

Shekarun baya, ina gama jegon haihuwata ta fari, na yi wata tafiya da har yau in an taru a gidanmu sai an tsokane ni da ita. Na goya jariri na tafi Argungu neman dangin wani mutum da abu biyu kawai na sani game da shi: sunansa Muhammadu, kuma ya rasu tun mahaifina bai iya zama ba. Na san wanda ya san Argungu ya riga ya fara dariya. Ku yi haƙuri in ɗauko muku daga farko.

Yarona da cindo aka haife shi, wato ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsa, kuma hannu biyu duka. Ba ƙashi a ciki, lilo kawai yake yi kamar ƙwayar wake. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ba komai ba ne, ta ɗaure da zare, ta ce zai bushe ya faɗi da kansa. Haka kuwa aka yi, bai bar komai ba sai ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Amma ni Allah ya yi ni da fargaba. Ni ce mai kai yatsa hancin yaro in yana barci, in ji ko yana numfashi. In ya yi atishawa biyu a jere na fara laluben mayafi. To ku duba mace irina a ce ɗanta ya zo da yatsu goma sha biyu. Na yi ta tunanin abin da na ci ina da ciki, da hanyar da na bi, da wanda na taɓa yi wa dariya.

Ranar suna, gwaggon mijina ta karɓi yaron. Ba muguwa ba ce, baki ne dai Allah ya ba ta, kuma ba ta masa rowa. Ta juya hannunsa, zaren yana nan a ɗaure, ta ce, "Ikon Allah. Mu dai kaf zuri'armu ba a taɓa haihuwar mai cindo ba. Irin wanga abu gado na, ba ya zuwa haka nan. Sai dai a tambaya wajen uwar." Ta gyara ɗaurin kallabinta, sannan ta ƙara, "In an san inda za a tambaya."

Wasu mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu suka yi kamar ba su ji ba. Ni kuwa na ji, har cikin ƙashina. Don duk unguwarmu a Birnin Kebbi an san mahaifina ba shi da dangin uba. A bikina ma, da aka zo fitar da goron dangin uba, maƙwabta aka rabawa.

Mahaifina tela ne a kasuwa, mutum mai shiru. A bayan uwarsa aka kawo shi Birnin Kebbi, bayan ta gama takaba a Argungu. Ta sake aure, ya tashi a gidan mijin uwarsa, kuma an riƙe shi da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai shi ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kakata ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira. In ya shigo gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa kamar da bango take magana. Sunan mijinta na fari kuwa, ban jin ko a mafarki ta taɓa furta shi. To wa zai tambayi wa? Da aka zo sa shi makaranta, mijin uwar ya ce a rubuta Muhammadu, don shi ne sunan da ya taɓa ji. Haka muka gaje shi. A 'yan shekarun da na yi a firamare, in malam ya kira Muhammad, rabin aji ne ke waigowa.

Bayan suna mahaifina ya zo duba jikansa, sai na yi ta maza na ce, "Baba, a dangin babanka akwai mai cindo?"

Ya daɗe yana kallon hannun yaron. Ya ce, "Ɗiyata, ni da ban san ƙofar gidansu ba?"

"Ba ka taɓa tambayar Iya ba, kafin ta rasu?"

"Ta ina zan fara? Sau ɗaya na gwada, ina saurayi. Ta miƙe ta hau tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya miƙo mini yaron, ya ce zai koma shago.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a wuya. Ina wanka da ruwan zafi ina tunani, ina shan kunun kanwa ina tunani. Wata rana yaron nan zai girma, ya ga tudun nan a hannunsa, ya ce daga ina, ni kuma in yi masa abin da aka yi wa mahaifina. Ga yawon arba'in yana matsowa, lokacin da mai jego ke zaga dangi ta nuna jariri. Za a kai ni dangin miji, a kai ni dangin uwa, sannan a dawo gida kamar an gama. Sai na ce wa maigidana ni yawon arba'in ɗina har Argungu zai kai.

Ya ajiye kofin shayi ya dube ni. "Wajen wa?"

"Wajen dangin Muhammadu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ki tsaya tsakiyar kasuwar Argungu ki kira Muhammadu, in ba a tattake ki ba ki ce ba ni ba ne." Ya ɗauko waya ya rubuta sunan da garin a wurin nema, ya yi ta ja yana ja har babban yatsansa ya gaji, sunayen ba su ƙare ba. Amma da yake harkar albasa yake yi, kuma dama yana da wanda zai gani a can, ya ce in shirya mu je, ko don in huta in bar shi ya huta.

Ku zo ku ga shiri. Na ɗaura sabuwar atamfata ta suna, na sa wa yaro kaya masu hula, na cika jaka da sabulu da goro da turare, tsarabar mutanen da ban san ko suna duniya ba. A mota har gaisuwar da zan yi nake maimaitawa a zuci. Da muka wuce Ambursa, fadama ta yi kore shar da shinkafa, duk manomin da na hango sai in ga kamar kunnuwan mahaifina ne da shi. Na taɓo maigidan na ce ya dubi wancan. Ya ce, "Ba mu ma iso ba kin fara rabon dangi."

Abu guda na riƙe bayan sunan. Ina ƙarama a ɗakin kakata nake kwana, kuma abin da ba ta iya faɗa wa ɗanta, wani lokaci yakan suɓuce mata a wasan kaka da jika. In na daɗe a wanka takan ce, "Fito, jinin mutanen ruwa." Don haka muna sauka muka nufi unguwar masunta ta wajen gulbi. Muka tarar da dattawa a inuwa, wasu na ɗinkin homa, irin ragar nan ta hannu da ake su da ita, ga manyan gorunan da suke hawa a ruwa an kife a gefe. Maigidan ya yi sallama, aka gaisa, ya yi bayani. Ni ina tsugune a baya ina saurare.

Wani tsoho mai tsagar Kabawa ya ce, "Muhammadu wane?"

Na kasa haƙuri na amsa da kaina. "Muhammadu dai, Baba. Masunci ne, ya rasu da daɗewa."

Ya ajiye homar a cinya. "Ɗiyata, ni Muhammadu na. Wanga da ke kusa da ni Muhammadu na. Wancan mai barci, in kin tashe shi, shi ma haka. Ubana Muhammadu na, masunci na, kuma ya rasu da daɗewa. In jikata kike son zama, bismilla, ina tsarabata?"

Wurin ya kaure da dariya, har mai barcin ya farka yana tambayar mi anka yi. Duk da haka sun yi mana kirki. Suka yi ta jero gidaje a tsakaninsu, wannan ya ce a gwada gidan wane, wancan ya ce a'a, na wane ya fi kama.

Gidan farko da muka shiga, matan suka karɓe ni hannu biyu, suka kawo ruwa, suka karɓi yaro. Suna cewa eh, Muhammadunsu masunci ne kuma ya rasu, sai hawaye suka zubo mini. Na buɗe jaka na hau rabon sabulu. Sai da na raba kusan rabi sannan wata ta ce ai shi da tsufansa ya rasu, ya bar 'ya'ya cike da gida, kuma ba wanda ya ɓace musu. Sabulu dai an riga an shige da shi ɗaki.

A wani gidan kuma ina tsakiyar bayani, har na fara miƙa goro, sai ga wani tsoho ya fito daga ɗaki yana dogara sanda, ya ce, "Wa ya ce na mutu?" Ashe nasu Muhammadun yana nan da ransa, kunne ne kawai ya yi nauyi, kuma daidai wannan maganar ya ji. Sai da muka ba shi haƙuri da turare.

Muna fitowa maigidan ya leƙa jakata ya ce, "In muka ci gaba a haka, sai mun wanke Argungu kaf kafin mu samu kakanki."

Na yi dariya, amma jikina ya fara sanyi. Rana ta take, yaro ya fara kuka, na ga wuyansa ya yi ja na ce shi ke nan na jawo masa ciwo a kan neman wanda ya daɗe a ƙasa. Maigidan kuma lokacin ganin mai albasarsa ya yi. Ya samar mini wuri a rumfar wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi a bakin kasuwa, ya ce in zauna in ba yaro nono, in ya dawo mu kama hanya. Na zauna ina jin muryar gwaggo a kunnena: in an san inda za a tambaya.

Tsohuwar tana korar ƙuda da mafici tana satar kallona. Can ta ce, "Ke ɗiyar nan, wa ya taɓa ki? Kin sha atamfa awa mai zuwa biki, fuska kuwa awa mai dawowa daga ta'aziyya."

Na ba ta labari duka, har da sabulun. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wa ya aike ki neman mutum da sunan yanka? Nan garin sunan yanka na liman na. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar jana'iza. Sauran kwanaki kowa da abin da aka kiran shi."

Na ce, "Inna, ba mu san laƙabinsa ba. Kakata ba ta taɓa faɗa ba."

"To ai shi na. Ba abin da ta hwaɗi za ki nema ba. Mi ta ƙi hwaɗi?"

Ban gane ba, ta kuwa ga alama a fuskata. Ta ce, "Mace ba ta kiran sunan miji, ko ba haka ba? To in laƙabinai sunan wani abu na, abin ma ba ta ƙara kira. Ni nan, tun da anka kai ni ɗaki ban ƙara cewa..." Ta ɗaga mafici sama can, ta nuna tsawo. "Sai dai in ce mai tsawo."

Maƙwabciyarta mai sayar da daddawa ta leƙo ta ce, "Dogo take nufi. Mutum ya daɗe da rasuwa, har yau ko dogon wando ba ta iya tayawa a kasuwa."

"Ke rufe min baki," in ji tsohuwar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya kamar amarya.

Wannan jan mayafin ne ya tsaya mini a rai, don na san na taɓa ganin irinsa. Na shiga laluben maganganun kakata. Mace ce mai baki, akuya ma in ta shigo mata ɗaki sai ta zage ta har kakanninta. Me ta taɓa tsallakewa? Muhammadu dai ba ta faɗi, takan ce mai sunan Malam, amma wannan rabin tsofaffin unguwarmu haka suke. Ina cikin haka na juya yaro ɗaya ɓangaren, ya buɗe ɗan hannunsa a ƙirjina, idona ya sauka a kan tudun nan.

Sai abin ya dawo mini kamar jiya. Ina yarinya wata maƙwabciyarmu ta haifi ɗa mai yatsa shida, mata suna ta shigowa ɗakin kakata suna cewa an haifi mai cindo. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah shi raya mai ƙari." Kullum haka take cewa, mai ƙari. Da na lura, don tsokana na zauna gabanta ina maimaita kalmar ina tafi. Ta jefe ni da ludayi, ta ce, "Marar kunya, tashi min nan," ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka ƙyamar abin take yi.

Na ce, "Inna, ba ta cewa cindo." Na ɗago hannun yaron na nuna mata.

Ta ajiye mafici. Ta kama hannun ta duba, ta duba ɗayan, ta juya wajen mai daddawa. "Ke, Cindo nawa kika sani cikin masunta?"

Suka hau jerowa. Akwai mai jirgi, amma shi yaro ne. Akwai na bakin masallaci, shi kuma yana nan da rai. Na ce a raina kar dai a koma gidan jiya. Sai mai daddawa ta buga cinya ta ce, "Tsaya. Wanda ruwa ya ci da ƙuruciyatai fa? Innata na ba da labarinai. Wanda matatai ta tahi da goyo ba a ƙara ganin ta ba."

"Ƙanwatai na nan da rai," in ji mai kifi. Ta riga ta miƙe tana gyara zani. "Duba min kihina. Ke kuma goya ɗanki."

Ban san na iya sauri haka ba. Tsohuwa na gaba ina biye, muna ratsa lunguna, ina kiran maigidan a waya cikin gaggawa har sai da na kira wani kawuna bisa kuskure na ce masa ya bar albasa ya zo.

Gidan yana kusa da gulbi, katangar ƙasa, ga warin banda tun daga zaure. Muka tarar da wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa a kan tabarma, tana tsince shinkafa a faifai da laluben hannu, don idanun sun yi rauni. Wannan karon na yi hankali, na bar jakar sabulu a rufe. Mai kifi ta ce, "Ga baƙuwa daga Birnin Kabi, ta zaka da magana." Na durƙusa na gaishe ta, duk gaisuwar da na haddace a mota ta gudu. Na faɗi abin da ya kawo ni yadda ya zo bakina.

Ta ture faifan ta miƙo hannu biyu, na kwance yaron na ba ta. Ta bi gefen hannunsa da babban yatsanta a hankali har ta tsaya a kan tudun. Ta nemi ɗaya hannun, ta same shi. Sannan ta laluba ta kamo yatsana ta ɗora a gefen nata hannun. Tudu ne, a daidai wurin, ya tsufa ya yi tauri.

Ta ce, "Kakakki gajera ta, baƙa, mai wushirya?"

"Eh, Iya."

"In za ta yi atishawa sai ta yi ƙanana-ƙanana a jere, awa mage?"

Dariya da kuka suka haɗe mini wuri guda, na kasa amsawa sai kai nake ɗagawa, na manta ba ta gani sosai. Mai kifi ce ta amsa mini.

"Ɗan da ta tahi da shi," in ji ƙanwar kakana, muryarta ta yi ƙasa, "shina da rai?"

"Yana nan, Iya. Shi ya haife ni."

Ta rungume yaron ta yi ta hamdala. Can ta ce, "Ubanki bai zo da shi ba. Mun duba ranar da anka haihe shi, hannu biyu ba komi, har yayana ya ce an yi mishi rowa. Ashe ajiyewa anka yi ma wanga."

Ita ta ba ni sauran labarin. Bayan ruwa ya ci yayanta, ubansu ya ce in an yaye yaron a dawo da shi gida ya tashi cikin 'yan uwansa ya koyi kamun kifi. Kakata ba ta yi musu ba, amma daga ranar ko wanki ba ta ƙara zuwa gulbi ba. Tana gama takaba ɗan uwanta ya zo ya tafi da ita. "Ba mu yi hwaɗa ba," in ji ta. "Tsoro ta ji. Mace ta mai tsoro a kan ɗa, in shina barci sai ta kai yatsa ga hancinai." Na sunkuyar da kai. Na zo neman inda yarona ya gaji yatsa, ga shi an nuna mini inda na gaji nawa halin.

Na ce, "Iya, ba ku neme su ba?"

"Mun nema. Ni da ƙanenmu mun tahi Birni ba sau guda ba. Unguwa-unguwa muna tambayar ɗan Cindo. Kowa shi ce bai san shi ba."

Na ce, "Ai can ɗan Muhammadu ake ce masa."

Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo mata ruwa. Ta ce, "Muhammadu. Wallahi sunanai na yanka ke nan. Ni da munka sha nono guda na mance."

Kafin in ankara gida ya cika. Labari ya zaga, mata na shigowa ta ƙofa, wasu ta kan katanga suke leƙe. Kowa ya zo sai ya miƙo mini gefen hannu in taɓa: wani magidanci, wata mai goyo kamata, wata ma nata a hannu ɗaya ne, ana ta yi mata tsiya wai rabin gado ta samu. Yarona yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma karon farko tun da na haife shi ban bi shi da ido ba. Maigidan ya iso yana haki, aka tare shi a zaure ana ce masa surukin gida ya zo hannu rabbana. Na zazzage jaka, sabulu ɗaya tal ya rage. Na ba Iya ina jin kunya, na gaya mata inda sauran suka tafi. Ta ce ba komai, duk Muhammadu ne suka ci.

Sai na kira mahaifina. Ina jin ƙarar keken ɗinki a bayan muryarsa. Na ce, "Baba, ina gidanku." Keken ya tsaya. Ya ce, "Wane gida?" Ban iya bayani ba, na kara wa Iya wayar a kunne. Ta ce, "Ɗan Cindo? Kai na?" Duk tsawon rayuwarsa ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ban ji abin da ya amsa ba, na dai ga ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa, "To. To. Muna nan."

Bayan la'asar sai ga shi, da awon ɗinki rataye a wuya da zare manne a rigarsa, ko shagon ma maƙwabcinsa ne ya rufe masa. Mutumin da ya yi furfura ya durƙusa gaban 'yar tsohuwar nan kamar yaro. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta ce goshin yayanta ne. Na zaci zai tambayi gona ko gida ko inda kabari yake. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Gwaggo, mai magana ne ko mai shiru?"

Ta ce, "Shiru, awa kai. Amma in ya yi dariya, har ƙetaren gulbi ana ji."

A ranar, a kan tuwon shinkafa da miyar kifi, na ji mahaifina ya yi irin wannan dariyar. Ban taɓa sanin yana da ita ba.

Da muka dawo na ƙarasa yawon arba'in ɗina, na bar gidan gwaggon mijina a ƙarshe. Na gaishe ta, na ajiye mata ƙunshin bandar kifin da aka haɗo mu da shi, na ce, "Gwaggo, na tambayo." Na ba ta labari tun daga dattawan homa har zuwan Baba. Ta buɗe ƙunshin ta shinshina, ta ce, "Masunta? To shi ya sa yaron ba ya kuka wajen wanka. Ni dama na ga alama." Har yau in an aiko mana da kifi daga Argungu ita ke fara aikowa a tambaya ko an manta da ita.

Nakan zauna in tuna kakata, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Ta ɓoye ɗanta don tsoro, ni kuwa ba ni da bakin da zan zargi mai tsoro. Sunan ma ba ta jefar ba. Ta yi ta kewaye shi a gabanmu har ta koma ga Allah, mu ne ba mu lura da abin da take kewayewa ba. Abin da na canza guda ne. Yaron nan ɗan fari ne, amma da ya yi wayo na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka, ido da ido, mahaifiyata tana gefe tana salati wai zamani ya lalace.

Sunansa na yanka, in kuna son sani, Muhammad ne, na ƙara wa masu nema aiki. Amma tun ranar nan mutanen Argungu suka sa masa laƙabin kakana, ya kuwa bi shi har makaranta. Don haka kalmar nan da kuka ga ina ta maimaitawa, rubuta ta kawai nake yi, bakina ya daina iya furta ta. Kwanaki wata maƙwabciyata ta haifi mai yatsa shida, na shiga barka, na ɗauki jaririn, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya raya mai ƙari." Hannuna kuwa ya riga ya kai kan mayafi.